Hoton Da Ba Shi Magana

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni tsohon mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, daga Tibiri, shekara huɗu ke nan da idanuna sunka rufe. Wayata ke karanta mini saƙo da murya, amma in anka turo hoto, kalma guda take faɗi: "hoto." Shi ke nan.

Ranar Laraba anka sa wani hoto a gurup ɗinmu na tsofaffin malamai. Ba rubutu, ba murya. Mutane sunka bi shi da nasu 'yan hotunan. Na ɗauka katin biki ne, na aje waya. Uwargidana ta tafi kasuwa, babu wanda zan tambaya.

Ranar Juma'a na kira aminina Namata a Gesheme, in tsokane shi kamar kullum. Matarsa ta ɗauka. Ta ce, "Mushe, ashe ba ka gani ba? Shekaranjiya anka kai shi." Hoton nan fuskarsa ce, haka anka sanar da rasuwar. Shekara talatin muna tare, ban samu sallarsa ba.

Yanzu duk sadda wayar ta ce "hoto", sai in ɗauka wani ne ya rasu. Ina zaune cikin ɗaki da labari a hannuna, ba ni iya buɗe shi.

Jama'a, don Allah in kun sa hoto, ku ɗora murya ko kalma biyar. Malama, ki ba ni shawara: tun safe hotuna uku sunka shigo. Wa zan kira in tambaya wa ya mutu?