Takardar Gida a Cikin Hoto

A wani shagon gyaran waya a kasuwar Gadarif, wata dattijuwa ta ajiye hoto gaban mai shagon.

"Ɗan nan, fito mini da takardar gidana daga nan."

"Daga ina, Hajja? Ai hoto ne."

"Tana ciki. Ɗana Abuelgasim ya ɓoye ta ranar da za mu gudu daga Khartum saboda yaƙi. Ya ce ana binciken wayoyi a hanya, amma duk wanda ya duba, hoto kawai zai gani."

Ya juya bayan hoton. "Liƙa ta ya yi?"

"A'a. Ya ce ta narke cikin kalolin, ya kulle ta da kalmar sirri. Kalmar tana kaina."

"Na taɓa jin ana haka, amma a waya. Ina wayar?"

"Na sayar a garin Madani, muka ci abinci. Amma sai da na sa aka wanke hoton, don takarda ta fi waya amana."

"Hajja, abin da ya ɓoye bai biyo tawada ba. Yana cikin wayar da kika sayar."

"Ta yaya? Ga kalolin nan, ko ɗaya bai ɓace ba!"

"Wallahi ni ma kaina ya ɗaure. Ki kira shi ya turo miki na asali."

Ta ɗauki hoton, ta goge fuskar ɗan nata da ke ciki da bakin mayafinta.

"Da zai amsa kira, ai ba zancen gida zan yi masa ba."