Tsarabar Tanko da Hannun Talatu

Jama'ar Ubangiji, ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai ceto. Ni ce Lami, uwar Talatu, daga wajen Roni. Yau zan yi magana, kuma ba zan sassauta murya ba.

Da aka gama yaƙin Turawa, Tanko ƙanen mijina ya dawo daga soja yana taƙama da takalmi. Wasu sun kawo wa gida zane da sabulu. Shi kuwa wannan sakarai, wani dunƙulen ƙarfe ya ciro daga jaka, wai kan harsashin igwa ne.

Na ce, "Tanko, mene ne wannan ka kawo mana cikin yara?"

Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, ai ya mutu tuni."

Ya mutu! Kun san 'yan matanmu da fasa ƙwallon aduwa. Talatu ta ga ƙarfe mai nauyi, daidai hannunta, ta ɗauka ta zauna gindin dutse. Ina kan daka na ji ƙarar da ta zubar da ni ƙasa. Wayyo Allah! Na tarar da 'yata cikin jini, hannun dama babu yatsu.

A kan jaki muka kai ta ɗakin maganin mishan. Mai magani ya duba, ya girgiza kai, ya ce jinin da ta zubar ya yi yawa. Tanko kuwa ya biyo mu da goro, wai sannu, ƙaddara ce. Na watsa masa goronsa a fuska. Ƙaddarar wa? Wanda ya zauna ya ƙera abin nan, ba shi da 'ya'ya ne?

Na durƙusa a bakin ƙofa, ba da ladabi ba. Na ce, "Yesu, yaƙin nan ba namu ba ne. Yarinyar nan ba ta san ko sunan ƙasar da aka yi shi ba. Ka ba ni ita!"

Ban tashi ba sai da na ji ta ce, "Inna, ruwa."

Haleluya! Ga ta can zaune, in ana waƙa a cinya take tafi. Tanko kuwa, har yau in na gan shi sai in kau da kai, ku ci gaba da yi mini addu'a. Na gode wa Yesu. Ku dogara gare shi, ko da fushi kuka zo, yana ji. Talatu, ɗaga musu hannun su gani. Amin.