Saitin Madabod

Mai buga takardu ta dire kwamfutarta a teburin mai gyara, fuska ba annuri.

"Malam, furosesata, ƙwaƙwalwar kwamfutar nan, gudunta dubu uku ne. Daga hannunka ta dawo dubu biyu. Musanya min ka yi?"

"Haba Hajiya! Saitin madabod, babban allon da furosesa take zaune a kai, shi ne ya sauka. Ai furosesa gudun bod take ninkawa. In bod ya rage, dole ta ja ƙafa. Wallahi ni ko murfin kwamfutar ban kwance ba. Ki ma gode Allah da take tashi, da wannan fankar da kika ɗaure da zare a ciki."

Ta ƙura masa ido.

"Ba ka kwance ba, ta ina ka ga zaren?"