Shaidar da na yi wa Illa mai horon dawaki

Salamu alaikum, mai gabatarwa. Daga Dakoro nake rubutowa.

An karɓe dawakin sukuwa daga hannun Illa, ɗan maƙwabcina, kuma bakina ne ya jawo. Mai dawakin, wani Alhaji na Korahane, ya tambaye ni a kasuwa: "Malam, yaron nan ya iya horo?" Na ce tun da ya fara bara, dokinsa bai taɓa cin sukuwa ba. Ban yi ƙarya ba, amma ban gaya masa duƙushi, wato ƙaramin doki, kawai ake ba sabon mai horo ba, in ya horu a miƙa wa manyan masu horo. Dokin da ya ci sukuwar Sallah ma, Illa ne ya fara ɗaura masa sirdi.

Masu sauraro, yaya zan gyara? An ce Illa ya sayar da sirdinsa zai tafi Agadas, amma ban tabbatar ba tukuna.