Kwanon da aka ware wa Habu

Mai gabatarwa, barka da aiki. Mariyama ce daga Bande. Masu sauraro, ku ji tsoron Allah a kan masu larurar ƙwaƙwalwa.

Ɗana Habu ya samu sauƙi. Ma'aikacin lafiyar da ke zuwa zama da shi ya yi ta ƙarfafa masa gwiwa, har ya yarda ya je gayyar noman kawunsa. Da aka kawo tuwo, sai kawun ya ce, "Ku ware masa nasa, kar ya shafa mana." Habu ya ajiye hauya ya dawo, har yau bai fito daga ɗaki ba.

Wannan ciwo ba ƙyanda ba ne. Na kafa doka: wanda ba zai ci kwano ɗaya da Habu ba, ba zai ci tuwon gidana ba, ko ciki ɗaya muka fito.