Tausayin Kawu Ya Hana Yayana Tashi

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ce Binta daga Panshekara, kuma wallahi raina a ɓace yake.

Yayana Sule yana aiki a kamfanin fata a Challawa. Inji ya danne shi, aka yi masa aiki a ciki, aka kwantar da shi ɗakin masu jin jiki sosai. Da ya farfaɗo, nas ta murɗa gadon ta ɗago kansa, ta ce a riƙa zaunar da shi, a kama shi ya ɗan taka. Sai Kawunmu ya hau ta da faɗa: "Mutum da ɗinki a ciki za ki tayar? Ba ki da imani ne?" Tana fita ya kwantar da gadon. Kullum haka, ko juyi ba ya bari ya yi.

Wani mutumin Nijar a gadon kusa, wanda ba shi da kowa a Kano, ya bi maganar nas. Tuni ya koma aikinsa. Yayana kuwa gyambo ya ci masa baya, ƙafafunsa sun sandare.

Malam, yaya ake gaya wa babba ya yi kuskure? Kawu, na san kuna saurare. Ku gafarce ni, amma jiya ma ku da kanku kuka goya Sule zuwa bayan gida.