Ni Ce Shugabar, Amma Ya Ce Zai Jira

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa, da dukan masu sauraro. Daga Dubai nake rubuto muku.

Shekara huɗu ke nan ina shugabantar sashen harhaɗa magunguna a wata jami'a mai zaman kanta, kuma ni kaɗai ce baƙar fata a cikin shugabannin sassa.

Makon jiya wani uba ya shigo ofishina kan 'yarsa da ta faɗi jarrabawa. Ya dube ni, ya ce, "Kira mini shugaban."

Na ce, "Ni ce, Alhaji. Zauna mu duba takardun."

Ya ce zai jira. Ya koma waje ya zauna, har mataimakiyata ta iso, wata Baturiya da ni na koya mata aikin. Abin da na so in faɗa masa, shi ne ta faɗa masa. Ya yi mata godiya ya tafi.

Na kai kuka wurin shugaban jami'a. Ya ce, "Shwaiya shwaiya, Dakta," wato in bi a hankali. Sannan ya tuna mini in zo gobe a ɗauke ni hoton tallar makaranta.

Wallahi na gaji. Na rubuta takardar ajiye muƙamin, tana cikin jakata. Abin da ya hana ni miƙawa, wata ɗalibata 'yar Jos ce, da ta ce saboda ta gan ni a kujerar nan take son zama malamar jami'a.

Ina gaida 'yan'uwa na unguwar International City. Jama'a, ku ba ni shawara: in miƙa takardar, ko in je a ɗauki hoton?